Bayani A Kan Neman Shawarar Littafin Da Za A Fara Karantawa

Tarin littattafan da ba a karanta ba yakan samo asali ne daga kyakkyawar niyya. Mutum ya shiga kasuwar Sabon Gari a Kano sayen takalmin yara, ya ratsa ta wajen masu littattafai, ya fito da guda uku. Ya je taron ƙaddamar da littafi, ya ga idon jama'a a kansa, ya sayi ɗaya. Ɗan'uwa ya tashi daga haya, ya kawo masa kwali guda da sunan ajiya. Kafin a ankara an sami tudu a bisa kabad, wanda gara da kyankyaso suka fi mai shi sanin abin da ke ciki. To ranar da Allah Ya kawo sukuni, hutun sallah ne ko yajin aiki, sai tambaya ta taso: da wanne za a fara?

Ɗalibin zaure bai san wannan damuwa ba. A karatun fiƙihu na gargajiya an daɗe da share hanya: Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, Askari, can gaba kuma Muhtasar. Malam ne ke cewa an sauke wannan, a ɗauko wancan, kuma yaron da ya rungumo Muhtasar alhali bai gama Ahalari ba, harara ɗaya ta ishe shi. Mai karatun ƙagaggun labarai ba shi da malamin da zai harare shi. Don haka sai ya dogara da zancen nan cewa matambayi ba ya ɓata, ya jera sunayen littattafansa a takarda, ya nufi majalisa bayan sallar isha'i.

Wanda yakan fara karɓar takardar shi ne dattijon majalisa, galibi tsohon malamin makaranta. Zai gyara tabarau, ya ninke takardar ba tare da ya duba ta ba, ya ce, "Yaro, ka karanta Ruwan Bagaja?" In aka ce masa ai tun a makaranta, sai ya ce wannan jarrabawa aka yi, ba karatu ba. Daga nan darasi ya kankama: yadda Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasa a 1933, da yadda aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East ɗin kansa. Gaskiyar magana dattijon yana da hujja. Littattafan nan sirara ne, dare ɗaya ya isa a cinye ɗaya. Ƙulle-ƙullen da Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke yi wa juna a Ruwan Bagaja har yau suna sa babban mutum ya tuntsire shi kaɗai a ɗaki, Shaihu Umar kuwa, da labarinsa na bauta da ƙetare sahara da uwa mai neman ɗanta, wanda ya karanta shi yana ɗan shekara goma sha uku bai ga rabin abin da ke ciki ba. Aibin shawarar guda ne: babu ko ɗaya daga cikin biyar ɗin a takardar. Wanda ya zo a rage masa goma ya koma da goma sha biyar, ba a ma zo kan Magana Jari Ce da juzu'anta uku ba.

Ba a cika barin dattijo ya kai aya ba. Akwai wanda ya tashi a shekarun 1990, zamanin da ake ɓoye littafin soyayya a cikin littafin lissafi, shi kuwa sai ya ce, "Baba, a gafarce ni, amma ai adabi bai mutu da Imam ba." Ya kawo In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, ya kawo Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, ya ƙara da cewa wannan har Turanci an mayar da shi, an buga a Indiya a 2012. Dattijo ya yamutsa fuska ya ambaci "adabin kasuwar Kano", sunan da ya jawo muhawara mai zafi a jaridu a wancan zamani, wadda a wasu majalisu har yau ba a tashi daga ita ba. Wani mai son sulhu ya jefo So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wai su ne tsakiya, sai ɓangarorin biyu suka haɗu a kansa. A wannan lokaci an manta da mai tambaya kwata-kwata. Akan tuna da shi ne idan mai shayi ya zo karɓar kuɗi, tunda shi ya tayar da zancen. Takardar tasa kuwa, wani ya riga ya goge maiƙon tsire da ita.

Akwai kuma wani nau'in mai shawara da ya kamata a ambata don a kiyaye shi, wato mai ƙauna ta gaskiya. Shi ya karanta, ya ji daɗi, kuma yana son kowa ya ji. Zai kama hannun mutum ya ce lalle a fara da Jiki Magayi, "musamman wurin nan na ƙarshe", sannan ya zayyana wurin nan na ƙarshe, da wanda ya mutu, da wanda ya kashe shi, da dalili. Ba za a maimaita a nan ba. Idan ya gama sai ya ce, "Kai dai karanta, za ka sha mamaki."

Mai neman shawara da ya gaji da majalisa yakan juya cikin gida, kuma da can ya fara da ya fi, domin mata ne suka riƙe kasuwar littafin Hausa, a karatu da kuma rubutu. Ƙanwa za ta dubi tudun nan na bisa kabad ta taɓe baki ta ce, "Yaya, duk bar waɗannan, bari in ba ka wani." Abin da za ta miƙo masa ɗan siriri ne, a jikinsa an rubuta na ɗaya. A nan ana bukatar ɗan bayani. Marubutan Kano da yawa da kuɗin aljihunsu suke buga littafi, don haka sukan karkasa labari kashi biyu, uku ko huɗu, cinikin na farko ya biya kuɗin buga na biyu. Hikimar sana'ar ita ce a yanke kowane kashi a daidai inda numfashi ya ɗauke: amarya ta ɓace ranar kai ta, ko likita ya fito yana girgiza kai. Yayan da ya karɓa yana yatsina, wai don kada ya ƙi ta ƙanwarsa, shi ne za a ji ƙarfe biyun dare yana ƙwanƙwasa ƙofa yana tambayar na uku. Na uku yana hannun wata ƙawarta. Ƙawar an yi mata aure watan jiya, an kai ta Gusau, littafin kuma ya bi akwatunan. Zamanin waya bai sauya dabarar ba, sai dai ya sauya wurin yankan: a ba mutum shafukan farko kyauta, idan ya nutse a ce masa ci gaban na kuɗi ne.

Babbar ɓarnar neman shawara ba ta bayyana sai bayan kwana biyu. Wanda ya kai wa majalisa jerin littattafansa ya sanar da jama'a abin da ke ɗakinsa ne. Sai a fara sallama. Wannan ya zo ya ga ko bugun kamfanin Gaskiya ne na da, wancan ya zo don ya tabbatar da wata magana da aka yi musu a kanta, kowa kuma ya fita da abu a hammata, da alkawarin ranar Juma'a. Masu littattafai sun gwada magunguna iri-iri. Akwai mai rubuta sunansa a shafin farko da na tsakiya da gefen takardu, akwai mai buga hatimi, akwai mai ajiye littafin rajista, wanda shi ma wata rana akan are shi a yi lissafin adashi a bayansa. Bin bashin littafi kuwa abin kunya ne. Wanda ya je gidan aboki ya ce a ba shi littafinsa, amsar da zai samu ita ce, "Haba Malam, a kan takarda?", kuma a ranar unguwa za ta san shi da rowa. Ta haka tarin yake raguwa ba tare da an karanta ba. Masu aro sun san abu mai kyau, don haka abin da ke saura shi ne tarihin rayuwar wani tsohon shugaban ƙaramar hukuma da aka saya a wurin ƙaddamarwa, kwafi biyu.

Abin da aka lura da shi a ƙarshe shi ne littafin da ake karantawa da gaske ba shawara ke zaɓensa ba, wa'adi ne. Wanda mai shi ya ce gobe zai aiko a karɓa, a daren za a gama shi. Masu shagunan hayar littattafai da suka yawaita a unguwannin Kano sun gane wannan tun tuni: ana ƙirga kuɗi da kwana, don haka ba a taɓa jin littafin haya ya yi ƙura ba. Mai tarin nan ma can yakan ƙare, yana neman na ukun da ya tafi Gusau. Mai shago zai ce babu, amma ga wani mai kyau da ya shigo kwanan nan, kowa yana yabawa. A buɗe shafin farko a ga sunan mai tarin da rubutun hannunsa, a tsakiya ma haka, ga hatimi a gefe. Idan ya yi ƙorafi, mai shago zai ce shi dai da kuɗinsa ya saya, kuma akwai mutum biyu a layi, in zai ɗauka ya ɗauka. Yakan biya, ya kai gida, ya karanta shi tas cikin kwana biyu, ya mayar da sassafe kafin a ƙirga masa na uku.