Masu Jiran Intabiyu a Kafanchan

Tun lokacin da Gidauniyar Fantsuam ta fara koya wa yara kwamfuta a Bayan Loko, Kafanchan ba ta rasa masu danne-danne ba. Amma shirin 3MTT da minista Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023 ya ƙaro mana wani sabon iri: matasan da suka yi 'yan watanni suna koyon rubuta manhaja, yanzu kowa na jiran intabiyu. Na daɗe ina zama da su a shagon cajin waya, har ina gane kowa tun daga tafiyarsa.

Ga Mahaddaci. Ya yi fotokofin littafin Cracking the Coding Interview, tambayoyi 189, ya shanye su tas, ya ɗora da na LeetCode. Ko tsakar dare ka tashe shi, amsa za ta zubo kamar ruwan Matsirga. Amma ka ɗauki tambayar da ya sani, inda aka ce lemu ka ce mangwaro, sai ya yi zuru, ya ce ai wannan ba ta cikin littafi.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Mai Lissafin Dala. Ko imel ba a turo masa ba, amma ya riga ya canza albashin a farashin bayan fage, ya sayi fili a gindin dutsen Kagoro, ya kafta bene, duk a zuci. Kullum da safe farashin dala yake fara dubawa, karatu sai in lokaci ya ragu. A gabana ya ce wa uwarsa, "Mama, daga bana kin bar noman citta." Ta dube shi sama da ƙasa, ta gyara ɗaurin zani, ta ce, "To ɗana, Allah ya sa. Kafin nan dai a biya ni kuɗin datan da aka ranta."

Mai Kwat kuwa, sama manaja, ƙasa gajeren wando. Ya share kusurwar ɗaki ɗaya tak, ya rataya labule, ya kori kaji. Ana tsakiyar magana a Zoom aka ɗauke wuta, ya zabura zai tayar da janareta, ya manta kyamara a kunne take. Masu yi masa intabiyu daga Legas sun ga komai.

Ɗan ChatGPT ba ya ɓuya. Idonsa na gefe, yatsunsa na ƙarƙashin tebur. Aikinsa tsaf, sai an ce, "Wannan layin, me ya sa ka rubuta shi haka?" Nan take sabis ke lalacewa.

Sai Mai Satifiket, wanda takardunsa sun fi aikinsa nauyi. A GitHub ɗinsa kalkuleta ce kaɗai, irin ta duk 'yan ajinsu, har kuskuren rubutun iri ɗaya.

Akwai kuma wata yarinya 'yar Zonkwa mai tsohuwar kwamfuta da aka ɗaure murfinta da roba. Ba ta cika magana ba. Ƙaramar manhaja ta haɗa wa gwaggonta don rubuta bashin masu karɓar hatsi, kuma sau uku tana rushewa tana gyarawa. Ranar intabiyunta, muna shagon cajin, na ji ta ce wa mai tambayar, "Wannan ban san shi ba, amma bari in nuna maka ta inda zan fara."

Mahaddaci ya dafe kai. Mai Lissafin Dala ya matso da kujera, ya raɗa mata, "'Yar'uwa, tambaye shi, da dala suke biya?"