Bakano, Ina Kuɗin Fatena?

Gaisuwa ga bawana Bakano, jikan masu kabewa, ɗan gidan "nawa za ka rage mini". Ina fata ka isa gida lafiya, kuma cikin ya lafa. Tun ranar da na sauke ka a Kwangila ban sake jin ɗuriyarka ba, shi ya sa na ce bari in biyo ka ta jarida, tunda wayarka ta koyi wani hali: da ta ga lambar mai bin ka bashi sai caji ya ƙare.

Jama'a ku zama shaida. Wannan bawan Allah mun fi shekara ashirin muna neman abinci tare a Abuja, kuma ban taɓa wuni da shi bai taɓo Zariya ba. Wai ƙauye ce da ta yi sa'ar jami'a. Wai Zage-zagi ba mu san abinci ba sai fate, abin da har yau malamai ba su yi ittifaƙi ba ko ci ake yi ko sha. To, watan jiya ɗaurin auren ɗan ƙanwata ya kai ni gida, bayan na yi shekara shida ban kwana biyu a jere a garin ba. Da ya ji zan tafi da mota, sai ga shi da jaka tun asuba, wai in rage masa hanya. Na ce masa sai na kwana. Ya ce ai kwanan Zariya ba ya kashe mutum, in dai kuɗin mota zai tsira. Bakano da son banza, Allah ya shirya.

Muna ratsewa daga Ɗanmagaji na fara zuba ido, don an sha ba ni labari cewa gari ya canja. Da muka iso gadar Ƙofar Doka na rage gudu da gangan don ka ƙare mata kallo. Ka tuna abin da ka ce? "Wannan ce gadar? Ai mu a Kano kwalbati muke ce wa irinta." Na yi shiru, saboda baƙo ne kai. Yanzu da ka bar garin zan ba ka amsa. Ku da kuka yi ta Ƙofar Nasarawa, kuka yi ta Dangi hawa kan hawa, kuka ƙara ta Hotoro, har yau idan baƙo ya hau sai ya yi salati kafin ya gane inda zai sauka. Mu tamu mutum ya hau daga nan ya sauka can, ba sai ya nemi ɗan jagora ba.

Gaskiya dai gaskiya ce, an taɓa garin. Shirin sabunta birane da gwamnatin Nasiru El-Rufa'i ta ƙaddamar a 2019 bai tsaya Kaduna kaɗai ba, ya haɗa da Kafanchan da Zariya. A Janairun 2022 Shugaba Buhari ya zo da kansa ya buɗe kasuwar Sabon Gari da aka sake wa fasali da wasu tituna. Inda na sani da rami mai haɗiye taya, yanzu kwalta ce sumul, da magudanar ruwa a gefe, da fitilu a tsaye kamar dogarai. Ban ƙi ba ko kaɗan. Wanda ya taɓa tura mota a cikin caɓi ranar da aka yi ruwan Agusta ba zai zagi kwalta ba. Amma ni ba kwalta ce ta dawo da ni gida ba, kuma tun daga Jaji cikina yake tuna mini haka.

Da yamma na ce mu fara da PZ. Ka tambaye ni me ya sa unguwa guda take amsa sunan haruffa biyu, na gaya maka sunan kamfanin Turawa ne, Paterson Zochonis, da ya kafa kanti a wajen tun zamanin da jirgin ƙasa ne sarkin sufuri. Kuma ka riƙe wannan: layin dogon da ya isa Kano a 1911 sai da ya gaida Zariya tukuna. Hatta jami'ar da kuke tinƙaho da ita, ta Bayero, a ƙarƙashin ta Ahmadu Bello ta yi rarrafe, sai a 1977 aka yaye ta. Jaridar Hausa kuwa, tun a 1939 muka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo muna aiko muku, ku kuwa kuna can kuna lissafin kwabon.

A nan PZ akwai wani mai shayi da muke zuwa muna samari. Teburinsa dogo, ya jera gwangwanayen madara sun yi tsiri kamar hasumiya, burodi a gefe cikin leda, buta tana tafasa kan gawayi ba dare ba rana. Idan ya ɗaga kofi sama ya tsiyayo shayi cikin na ƙasa, ko ɗigo ba ya zuba. Mun zagaya sau biyu ban ga ko benci ba. Shagon waya ne a wurin, da wani yaro yana manna gilashi a fuskar wayoyi. Na tambaye shi mai shayi, ya dube ni kamar na tambaye shi Sarauniya Amina.

Nan ka samu abin da kake so. Ka ce tunda tsofaffin sun watse, mu shiga na zamani, kai za ka biya. Jama'a ku lura da wannan kalma, "ni zan biya", don ba kullum take fitowa daga bakin Bakano ba. Muka shiga wani sabon gidan abinci mai ƙofar gilashi, sanyi ya buge mu, wata yarinya ta miƙo takarda mai hotuna, sunayen abincin duk da Turanci. Akwai shawarma, akwai soyayyiyar shinkafa, akwai kaza da dankalin Turawa. Na bi takardar sama da ƙasa, gaba da baya, babu fate, babu dambu, babu ɗanwake. A tsakiyar Zazzau! Muka ci shinkafar, ba laifi, irin wadda za ka ci a Wuse ko a Zoo Road ba ka bambance ba. Da aka kawo lissafi kuwa, sai na ga ka shiga laluben aljihu, na riga, na wando, har na 'yar ciki. Ka ciro waya ka ce za ka tura, ka ɗaga ta sama, ka karkata ta gabas, ka ce sabis ɗin Zariya ba shi da kyau. Ni na biya. Wannan shi ne bashi na farko.

Washegari bayan an shafa fatiha na ce ba zan bar garin nan ba sai na nemo Iya mai fate. Kai ba ka san ta ba, bari in gaya maka. Rumfarta ta kwano ce a bakin titi a Sabon Gari, benci biyu da tabarma ɗaya, tukunyar ƙarfe ƙatuwa kan murhu mai duwatsu uku. Ba zan yi maka ƙarya in ce wurin aljanna ne ba: kwata tana wucewa ta bayan rumfar, ƙuda kuwa da shi ake zama kamar ɗan gida. Amma tun ƙarfe goma sha ɗaya layi yake kamawa. Leburorin tasha, masu ɗinki, 'yan dako, ɗalibai daga Kongo da Samaru da kuɗin wata ya yanke musu, duk a benci ɗaya. Tana da wani tsohon littafi da ba ita ke rubutawa ba, mai cin bashin ne yake rubuta sunansa da hannunsa, ita dai ta riƙe a ka. Mutane nawa ne yau suke hawa manyan kujeru da fatenta a jininsu, Allah kaɗai ya sani.

Muka je, babu rumfa, babu alamarta. Titi ya faɗaɗa ya cinye wurin, daidai inda tukunya take yanzu sandar fitila ce. Kana ta dariya kana cewa ci gaba ya zo wa Zage-zagi, an raba su da kunun ganye. Wani tsoho mai faci da ya matsa baya da kayansa shi ya cece ni. Ya ce ai tun da aka shafa wa rumfar jan fenti ta koma gida a Tudun Wada, ya kwatanta mana lungun. Muka ajiye mota muka hau Keke, wanda ka dage sai ka kira shi A Daidaita Sahu, har direban ya waiwayo ya ce, "Alhaji daga Kano ko?" ya ƙara naira ɗari.

Ƙamshi ne ya kai mu, ba kwatance ba. Zaure ne ƙarami, an shimfiɗa tabarmi, takalma sun cika ƙofa. 'Yarta ce yanzu a bakin tukunya. Iya tana zaune kan buzu ta jingina da bango, ido ya yi rauni, carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe ta, ta saurari muryata, ta ce, "Kai ne ɗan makarantar nan mai cewa a ƙara gyaɗa?" Shekara talatin da ɗoriya! Sai ta ƙara da cewa, "Akwai naira biyu na a wurinka." Na ga ka washe baki har kunne. To, na biya nan take har da gyara, a gabanka, don ka ga yadda 'ya'yan halak suke yi da bashi.

Na tambaye ta me ya hana ta kama shago a sabuwar kasuwa. Ta ce, "Ɗan nan, da tukunya na da itace na zan hau bene? Kuɗin haya na shekara ɗaya, sai na sayar da fate har jikoki na su yi furfura." Na ji ka kana maimaita "tukunya na, tukunya na" ƙasa-ƙasa kana ƙyaƙyatawa. Ka yi ta yi. Mu Hausarmu ba ta ɓata lokaci wajen binciken ko tukunya mace ce ko namiji, abin da ke cikinta muke dubawa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne da ta ce leburorin da suka yi titin a wurinta suke cin rana, har ranar da suka zo da kansu suka taya ta kwance kwanon rumfar. Ba ta faɗa da ɗaci ba, dariya ma take yi. Ni ne abin ya dama. Mai zana titi a takarda yana tuna mota, yana tuna ruwan sama, yana tuna fitila, amma ya manta cewa duk mai bin titin nan da ciki yake yawo, kuma ba kowa ke iya tura ƙofar gilashi ba. Da an ware wa irinsu Iya ɗan fili mai inuwa da famfo da haya daidai ƙarfinsu, da an rabu da ƙudan ba a rabu da ita ba. Kuma kada ka ce wannan ciwon Zariya ne. Ku da kuka rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa hanya kuka sake gina wata, kuka wayi gari a 2023 ana rusau har shatale-talen gaban gidan gwamnati bai tsira ba, kun fi mu sanin ƙarar katafila. Gurasar da kuke alfahari da ita ma, ai ba a shagon bene ake gasa ta ba, a tanderun matan Jakara take fitowa.

Yanzu mu zo kan babbar magana. Aka zubo mini kwano, tururi na tashi. Tsakin masara ya nuna ya yi luguf, yakuwa ta ba shi ɗan tsami, ga alayyafo, ga gauta da ɗacinta kaɗan, daddawa ta kama, dakakkiyar gyaɗa ta ɗaure shi, ga ƙashi mai ɓargo ya leƙo daga tsakiya. Aka tambaye ka, ka ɗaga hannu ka ce a'a, kai ka ƙoshi, kuma likita ya hana ka abu mai ruwa-ruwa. Iya ta ce baƙo ba ya fita zaurenta da yawu a baki, a ba shi ko ludayi ɗaya. Ka karɓa kana yatsina kamar an ba ka maɗaci. Ludayi na farko ka yi shiru. Na biyu ka gyara zama. Na uku ka cire hula ka ɗora a gwiwa. Kafin in kai rabin nawa, na ji murya a gefena tana cewa, "Hajiya, ɗan ƙaro kaɗan, don in tabbatar da abin da nake zargi."

Kwano uku, jama'a. Uku! Gumi yana bin gemu, babbar riga an naɗe ta a kafaɗa. A tsakiyar na ukun ne santi ya kwashe ka, ka dubi rufin zauren ka ce, "Wallahi da Sarki Rumfa ya san da wannan, da a nan ya kafa Kurmi." Duk zauren aka fashe da dariya, har Iya sai da ta ajiye carbi. Wani ɗan dako ya ce a riƙe Alhaji kada ya faɗa tukunya. Ba ka tsaya nan ba, ka sa aka cika maka kula wai za ka kai wa uwargida ta ga abin da Zage-zagi ke wahala da shi. Na samu labari kular ba ta ga Kwanar Ɗangora ba, tun a Tashar Yari ka buɗe ta.

Da aka zo biya, sabis ya sake ɓacewa. A cikin zauren da 'yar Iya take karɓar kuɗi ta waya a gabanmu, wayarka ce kaɗai ba ta gani. Bashi na biyu ke nan, da na kula uku.

Na san abin da za ka ce idan ka karanta wannan. Za ka ce sharri ne irin na Bazazzagi, ka rantse da kabewa ba ka wuce ludayi biyu ba. To, ina da hoto, na ɗauka daidai lokacin da ka kafa kai kana suɗe kwano na uku, hula a gwiwa. Ina da shaidu goma sha ɗaya, cikinsu har da liman. Na ba ka nan da cika-ciki ka turo kuɗina cif, in ba haka ba hoton zai isa Kantin Kwari kafin a buɗe shaguna. Kuma bana kada ka turo mini yaro karɓar kuɗin shara. Ka riga ka shanye shi a Tudun Wada.