Masu Dafa Icce Na GRA

Na san abin da za ku ce tun kafin ku buɗe baki. Gawayi ya yi tsada, gas ya fi ƙarfin talaka, ga kuma wani a GRA ya ɗora tukunya yana dafa icce. Ba girki yake yi da iccen ba fa, iccen ne a cikin tukunyar. Kuma wai duk don kifin da ba za a soya ba, ba za a yi farfesunsa ba, aikinsa kawai ya yi ta zagaye a akwatin gilashi a falo baƙi na kallo. To, ku yi dariyarku ku gama, sannan ku matso.

Mai irin wannan akwati yakan so ya sa kututture ko saiwa a ciki. Ado ne, amma ba ado kaɗai ba: kifi irin su ƙurungu ba sa son fili fetal, sai sun sami lungun da za su laɓe da rana hankalinsu ke kwanciya. A Turai kuɗi ake sawa a sayi iccen mopane da ake kwasowa daga kudancin Afirka. Mu kuwa ga Dadin Kowa nan, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya daga Gombe ba, madatsar da aka kammala a 1984 a kan kogin Gongola. In ruwa ya ja baya da rani, bakin gaɓa ba ya rasa busassun itatuwan da ruwa ya wanke, rana ta gasa. Kyauta kuma.

"To ai shi ke nan," in ji Alhaji mai gaggawa. "Abin da ya fito daga ruwa, a mai da shi ruwa mana." Ranka ya daɗe, ruwan dam daban, ruwan falonka daban. Can kogi ne ke shiga yana fita. Naka lita 60 ne ko 100 a kulle, duk abin da ya shiga ya zauna ke nan. Iccen nan yakan zo da ƙwan katantanwa, da tsutsar mazari mai cin ƙananan kifi, da laka a kowace tsaga. Irin katantanwar nan ta ruwan kwance ce kuma ke rainon tsutsar tsargiya, saboda haka in an je ɗauko icce, a ɗauko icce, ban da wanka.

Masu cewa "icce ai icce ne", ku nemi tsohon masunci ku tambaye shi magimfa. Tun kafin a haifi mai akwatin gilashi ake daka ganyenta a zuba a tafki, kifi su bugu su taso sama a kwashe. Ɓawon aduwa ma haka yake yi. Ita aduwa icce ce mai ƙwari, har allo ake sassaƙawa da ita, amma allo makaranta ake kai shi, ba gidan kifi ba. Dogon yaron da ya cika titunan GRA, ku bar shi ya ba ku inuwa. Abin da ke cikinsa da ke korar ƙwari ba alheri ba ne ga kifi a ruwa kaɗan. Tumfafiya, tinya da duk mai zubar da farin ƙaro, a bar su inda suke. Ɗanyen reshe ruɓewa yake yi ya ɓata ruwa. Guntun katakon gini kuwa, wanda aka shafa wa baƙin mai ko maganin gara, kada ma a fara. Abin nema shi ne icce mai tauri, wanda ya daɗe da mutuwa, ɓawonsa ya zube, in ka danna farce ba ya nutsewa. In ba ka san bishiyar da ya fito ba, to gwada shi tukuna a bokiti da ƙaramar ƙarfasa guda, kafin ka kai shi wurin kifin da ka saya da tsada.

Sai wanki: burushi mai ƙarfi da ruwa zalla. Hajiya, na ga kin miƙa hannu wajen Omo da Hypo. A yi haƙuri. Icce tsotsewa yake yi, kuma a cikin akwatin zai amayar. Bayan nan a tafasa shi awa 1 zuwa 2, in ya fi ƙarfin tukunya a dafa gefe ɗaya a juya. Shawarata ga maigida, ya nemi tsohuwar tukunyar da aka daina girki da ita, in yana son zaman lafiya.

Yana tafasa ruwan zai koma kamar shayin da mai shayi ya manta a kan wuta. A nan ne masu shakka ke tafawa, wai ga gubar ta fito. Ba guba ba ce. Sinadarin tanin ne, wanda majema ke nema a jikin bagaruwa su jeme fata da shi. Kaɗan daga cikinsa ba ya cutar da kifi, sai dai ya rina ruwa ya ƙara masa ɗan tsami. Kogin Negro na Burazil saboda irinsa ya yi duhu, kuma kifayen ado da yawa daga can suke. Kifayen tafkin Malawi ne ba sa maraba da shi. Matsalar ita ce ka sayi gilashi don ka ga kifi, ba don ka riƙa lalube ba.

Shi ya sa bayan dahuwa sai jiƙo: a nutsa shi a baho mako 1 zuwa 2, wani ma ya fi haka, ana sauya ruwa har launin ya yi sauƙi. A nan zai sha ruwa ya daina tasowa. Mai taurin kai a ɗaure shi jikin dutse da zaren fatsa. In bayan an sa shi aka ga wani farin yauƙi ya lulluɓe shi, kada a kira malami. A goge, zai daina da kansa. Ruwan famfo kuma, a bar shi ya kwana a buɗe ko a sa maganin cire kulorin kafin ya shiga akwati.

Wanda har yanzu yake ganin ɓarnar gawayi ce, ba a hana shi ba: ya ɗauko nasa daga bakin ruwa ya jefa kai tsaye. Sai dai ya fara tambayar mai sayar da kifin nawa ne guda, ya kwatanta da kuɗin gawayin awa biyu.