Madalla da Masu Yaye Mana Malamai

Duk wanda ya tsara yadda ake yaye malaman makaranta a ƙasar nan ya cancanci a buga masa tambari a Ƙofar Kudu ta fadar Kano. Yaron da ya ci maki mai yawa a JAMB, a kai shi likitanci ko lauya. Wanda kowane sashe ya ƙi, a ce masa ga Sashen Ilimi nan, ya riƙe kafin Allah ya kawo wani. Kwalejojin ilimi kuwa an yi musu rangwame, maki 100 cikin 400 ya wadatar. To ina ruwan mai koyar da 'ya'yan talakawa da ƙwaƙwalwa?

Wuraren horo kam, sai son barka. Ga Jami'ar Bayero, ga kwalejin Ƙofar Famfo da aka buɗe a 1961, yau ta zama jami'a sukutum. Shekara huɗu ana ɗura wa ɗalibi ra'ayoyin masana irin su Piaget, ana nuna masa yadda zai kula da kowane yaro shi kaɗai. Sai a tura shi gwajin koyarwa wata firamare a cikin ganuwa, inda wannan ilimi zai yi rana: yara fiye da ɗari a kan siminti, na gaba sun manne da allo, na baya suna leƙe ta taga, alli kuma daga aljihunsa. Mai duba shi ya leƙo sau ɗaya, ya sa hannu, ya kama gabansa. Tausayi ke nan, ba a son a takura wa yaro.

Gwamnati ma ba ta yi rowar baki ba. A 2021 ta yi wa masu karatun digirin ilimi alkawarin naira 75,000 kowane zango, masu NCE 50,000. A je a tambayi ɗaliban mutum nawa suka taɓa kuɗin.

Da Kaduna ta gwada malamanta a 2017 da tambayoyin aji huɗu na firamare, 21,780 suka faɗi, aka yi ta salati. Salatin me? Makarantunmu ne suka yaye su.

Malam Aminu Kano ya wahalar da kansa da ya kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, wai don malami ya samu daraja. Ai ga ta an samu. Bayan digiri da lasisin koyarwa na TRCN, malam yana tashi daga aji ya hau Adaidaita Sahu, ya yi ta jigila tsakanin Ƙofar Mata da Kurmi har isha, ya samu na cefane. Masu tsarin, Allah ya ƙara musu basira, nasu 'ya'yan suna makarantun kuɗi.