Harshe Ma Yana Sauya Sheƙa

Kullum 'yan siyasa ake zagi da sauya sheƙa, yau suna wannan jam'iyya gobe suna waccan, amma babu mai tuhumar ubangidansu a wannan sana'a, wato harshen da ke cikin bakin kowannenmu. Shi ba ya kiran 'yan jarida, ba ya yaga kati a gaban jama'a. Wayar gari kawai za ka yi ka tarar da mutumin da ya rantse ba zai taɓa kai abu kaza bakinsa ba yana suɗe kwano, har yana leƙen tukunya ko da saura. Daga Bebeji zuwa Kiru, ka nufi Tudun Wada, ka ratsa dajin Falgore ka faɗa Doguwa, duk inda ka tsaya akwai shaidu.

A fara da shinkafa. Shekara da shekaru matan Tudun Wada suna turara shanshera, su shanya, a kai inji, a auna a kasuwa, amma 'yan birni ba su da sunan da suke kiranta da shi sai mai tsakuwa. Idan uwar biki ta kuskura ta dafa 'yar gida, to ta ba unguwa abin hirar wata guda. Ita 'yar Tailan, doguwa fara sol, ita ce ta fita kunya. Sai ga watan Agustan 2019, gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, buhun 'yar waje ya yi fiffike. Kafin a ce kwabo, Hajiyar da ke yatsina fuska ta zama malamar lafiya: "Ai ni dama can ban yarda da ta wajen nan ba, wa ya san shekarar da ta yi a sito? Tamu ta fi garɗi, ga auki." Gaskiya ne yanzu akwai injin cire tsakuwa, amma ko ranar da haƙorin maigida ya ci karo da guda ɗaya, sai ya tofar a hankali ya ce kishin ƙasa sai da haƙuri.

Labarin masara ya fi wannan ban dariya, don ita sheƙar sau biyu aka sauya a kanta. A zamanin kakanni, dawa da gero ne masu gari. Masara 'yar bayan gida ce, a gasa da damina a ba yara. Da takin zamani da sabon iri suka shigo, sai ta mamaye gonakin Doguwa da Tudun Wada, dattawa suna ta ƙorafin cewa tuwonta ba ya riƙe ciki, kafin ka kai kunya uku a gona ya gudu ya bar ka. Aka bi su a hankali har suka saba. Jikokinsu kuma suka taso ba su san wani tuwo ba sai fari, idan aka tuƙa na dawa sai su tambaya ko laifi suka yi. To ga shi yanzu wanda ya girma da farin tuwo ya je asibiti, an ɗauki jininsa, likita ya ambaci ciwon suga. Da yamma sai ka ji shi yana faɗa wa uwargida: "Ke, daga yau dawa za a riƙa niƙo mana, abincin iyaye da kakanni. Kin taɓa jin suga ya kama Baffa?" Ya koma tsohuwar jam'iyya ke nan, kuma yana so a ɗauke shi a cikin waɗanda suka kafa ta.

Amma sarauniyar wannan tafiya ita ce zogale. Da can danga ce, kowane gida tana tsaye tana tare wa makewayi ido. Ba a tuna ta sai rumbu ya yi ƙasa, a tsinko, a dafa, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa, a ci a ɗaka. Idan aka ji sallamar baƙo, kwanon sai ƙarƙashin gado, a goge baki, a ce yanzu muka tashi daga kan shinkafa. Yau ka tsaya a Kwanar Ɗangora ka sha kallo. Wata dirkekiyar mota za ta faka, baƙin gilashi ya sauka kamu ɗaya, hannu mai agogon zinare ya leƙo. "Ke yarinya, zogalen na yau ne? Zuba na dubu biyu, a cika ƙuli, kar a sa mai da yawa, likita ya hana." Yarinya ta ɗaure a leda ta ce, "Ga shi, Alhaji, Allah ya kiyaye hanya." Ba ta san cewa wannan Alhajin ne yana yaro yake kuka da majina duk ranar da Inna ta kwaɗa shi ba.

Haka kifi. Kafin a kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da aka fara a mulkin Audu Bako, mutane da yawa a wannan yanki ba su haɗa kifi da komai ba sai ƙarni, wanda ya ci ma sai an ware masa kofin shan ruwa. Yanzu saurayin da bai kai wa budurwarsa gasasshiyar tarwaɗa ko soyayyar karfasa ba, da sauransa a fagen neman aure. Awara ma da ta shigo tare da waken suya an yi mata kallon abincin yara 'yan makaranta, sai ga ta an tsoma a ƙwai, an yanka mata kabeji, magidanta suna aiken yaro a ɓoye suna cewa ta yara ce. Garau-garau kuwa, wadda a da ake ci don babu yadda za a yi, yau hotonta ake ɗauka a ɗora a Facebook kafin a yi bisimilla.

Idan ka bi diddigi, masu juya harshen nan uku ne. Na farko likita, wanda kalmarsa ɗaya ke mayar da ɗaci ya zama zaƙi. Na biyu Bature. A 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da garin 'ya'yan kuka a kasuwanninta, a 2018 ta amince da acca, sai ga 'yan bokonmu suna yi mana lacca a kan amfanin abin da muka taso muna tsotsa a gindin bishiya kyauta. Na uku, kuma mafi ƙarfi, aljihu. Bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, gidaje da dama sun koma cin afafata, ɓarzajjiyar ragowar shinkafar da a da masu kiwon kifi ke saye. Wannan kam babu raha a ciki, don ba sauya sheƙa aka yi ba, korar mutane aka yi daga inda suke.

Saboda haka shawarata ga mai raina abinci ita ce ya riƙa rainawa a hankali, kuma ba a gaban shaidu ba, don bai san ranar da zai nemi tikiti a can ba. Waɗanda nake tausaya wa su ne dabbobi. Mun ƙwace wa awaki zogale da rama, mun shiga rabon abincin kifi, ga shi an fara raɗe-raɗin cewa dusa tana gyara ciki. Duk mai tunkiya a Kiru ko Bebeji ya yi maza ya tanadar mata buhu biyu, domin ranar da wani likita ya faɗi haka a rediyo, a robar ƙulle za a riƙa sayar da ita, kuma Alhaji zai rantse tun yana yaro yake sha.