Amarya Ta Tsaya Baki Buɗe

Kwamfutata ta girmi amaryar da aka ce a nuna bikinta. A kasuwar Katako na saye ta hannu na biyu, tana ɗauke da Windows XP, wanda ya fito a 2001, aka daina kula da shi a 2014. Ta tsallake ambaliyar 2020 a saman kabad, ranar da ruwan kogi ya shigo mana unguwar Saga babu sallama. Da aka aiko bidiyon auren ƴar yayana daga Maraɗi, Inna ta ce a kunna a "babban gilashi", ita idonta ba na waya ba ne.

Bayan isha'i mata suka cika tsakar gida, sauron fadamar shinkafa ma ya halarta. Na danna. Kalangu ya tashi raɗau, maroƙi yana ta zuba kirari, amma amarya ta ƙame baki buɗe, ido ɗaya a rufe.

"Ɗan nan, lafiyarta kuwa?" in ji Inna.

Na ce lafiya lau, tsarin ne ya tsufa, gobe za a ga aiki.

Na ɗora Windows 7. Ya hau, sai dai bai gane katin hoton ba, ya matse allo zuwa 800 da 600. Ango da muka sani dogo siriri ya fito gajere mai tumbi. Wata maƙwabciya ta ce ai dama ta ji labarin an ɓoye mana wani abu.

Sai wani aboki malamin makaranta ya ce in koma Linux, kyauta ne, kuma yana tayar da matattun kwamfutoci. Kyautar ta cinye mini kuɗin intanet na wata guda wajen sauko da Ubuntu. Da na sa shi a makullin USB, ya gaya mini cikin ladabi cewa shi na injin 64-bit ne, nawa kuwa 32 ne, da ƙwaƙwalwa giga ɗaya tal. Na samo Emmabuntüs, wanda wasu ƴan sa-kai a Faransa suka haɗa musamman don tsofaffin injuna. Ya shiga lafiya, ya sake tashi, allo ya yi baƙi ƙirin.

Abokin ya ce a wayar: "Kafin ya tashi, ka rubuta nomodeset." Maɓallaina irin na Faransa ne, AZERTY, injin kuwa a wannan mataki na Amurka yake zato. Duk sanda na taɓa M, sai waƙafi mai ɗigo ya fito. Na zauna ina lalubar harafi ɗaya kamar makaho a kasuwar da ba tasa ba, har na same shi ɓoye ƙarƙashin waƙafi. Allo ya haskaka. To amma wannan kalmar tana sallamar katin hoton ne gaba ɗaya, ta bar wa injin dukan wahalar. Amarya ta fara motsi: ta ɗaga ƙafa yanzu, ta sauke bayan an sha shayi. Fankar ciki tana gurnani, tana feso ƙurar hunturun shekaru.

Ana haka ɗan ƙanwata, ɗan aji uku a kwaleji, ya leƙo. Ya buɗe bayanin fim ɗin a VLC, ya ce: "Kawu, wannan H.265 ne." Wayoyin yanzu, in ji shi, da wannan dabarar ta 2013 suke matse bidiyo don ya ci wuri kaɗan, warware ta kuwa sai inji mai ƙarfi ko wanda aka ƙera da ita a ciki. Ko tsari ɗari na canza, tsohuwar ba za ta iya ba. Magani shi ne a juya fim ɗin zuwa H.264, a rage shi zuwa 480.

Muka ba manhajar HandBrake aikin. Ta ce sai wajen asuba. Can tsakar dare wuta ta ɗauke, batirin kuwa ya daɗe da rasuwa. Washegari muka ɗauki injin zuwa shagon wani mai sola, muka aza shi bisa tubali biyu don iska ta shiga, yaron yana yi masa fifita da kwali.

Daren nan amarya ta taka rawa sumul, ango ya dawo da tsayinsa, aka yi ta guɗa. Sai Inna ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Koma baya."

Na koma. A gefen fili ga ƙanwarta, wadda ta aiko cewa ciwon ƙafa ya kwantar da ita, ba ta da ko dala ta gudummawa. Ga ta nan tana juyi, tana liƙa wa maroƙi jaka-jaka a goshi.

Sau da dama aka maimaita wurin, injin bai ko yi tari ba. Sannan Inna ta gyara ɗaurin kallabi, ta miƙo hannu.

"Ba ni wayarka, ɗan nan. Wadda ke da kuɗi a ciki."