Lauyan da Ya Tambayi Maƙaryaci Ko Ƙarya Yake Yi

Kai Malam mai musu, gyara zama. Na san halinka, ko an ce maka ana ruwa sai ka miƙa hannu waje tukuna. Yau labarin lauyoyi na kawo, ga shi har ka fara taɓe baki tun ban ce komai ba.

Wani fasinja ne ya maka kamfanin jiragen sama na Avianca a kotu a New York, ya ce keken rabon abinci ya buge masa gwiwa a cikin jirgi. Sunan shari'ar Mata da Avianca. Kada ka yi saurin cewa "ai dama, mata!" Namiji ne, sunansa ke nan.

A 2023 lauyansa, wanda ya kai shekara 30 yana aikin, ya kafa hujja da tsofaffin hukunce-hukunce. Lauyoyin Avianca suka bi sawu, shida daga ciki ko sama ko ƙasa. Kotu ma ta nema ta rasa. Ashe ChatGPT da lauyan ya yi amfani da ita ce ta ƙaga su, har da lambobi da sunayen alƙalai.

Ka ce tatsuniya ce? Tsaya, ban kai wurin daɗin ba. Da shakka ta kama lauyan, maimakon ya buɗe littafi, sai ya koma ya tambayi ChatGPT ɗin ko hukunce-hukuncen na gaske ne. Ta ce ƙwarai kuwa. Wato ka tambayi dillali ko akuyar da yake talla lafiyayya ce!

A watan Yuni na shekarar Alƙali Kevin Castel ya ci shi tarar dala 5,000, shi da abokin aikinsa da ofishinsu, ya kuma sa su rubuta wa kowane alƙalin da aka jingina wa hukuncin bogi. Amfani da na'urar bai dame shi ba. Abin da ya ɓata masa rai shi ne yadda suka kafe kan takardar bayan an nuna musu akwai lauje cikin naɗi.

Na ji ki, Hajiya, kin ce dala 5,000 kuɗin shayi ne a wurin lauyan Amurka. Haka ne. Amma wa zai kai wa mutumin nan ƙararsa ba tare da ya tuna ba?

Kai kuma da kake cewa ai sauran sun ɗauki darasi, ina fa! A Yuli 2024 ƙungiyar lauyoyin Amurka ta fitar da jagora: a tantance abin da na'ura ta rubuto, a kiyaye sirrin wanda ake karewa, kada a caje shi kuɗin awannin da ba a yi aikinsu ba. Duk da haka a Yuni 2025 babbar kotun Ingila ta duba wata ƙara da aka shigar kan Bankin Ƙasa na Qatar, hukunci 45 aka ambata, 18 babu su a duniya. Mai ƙarar ne da kansa ya haƙo su, lauyan ya karɓa ya miƙa. To wa ya ɗauki wa aiki? Mai shari'a Victoria Sharp ta yi gargaɗin cewa irin wannan na iya kai lauya ga tuhumar raina kotu, har ma ga 'yan sanda.

Ci gaba da musunka, Malam, ba ni hana ka. Amma ranar da lauyanka ya jero maka hukunce-hukunce da Turanci mai santsi, kai musun can inda zai yi amfani: ce masa, "Barista, da idonka ka karanta su?"